Ruwan da Ya Ƙi Sauka

Da faɗa suka fara, abin da ya sa nasu ya fi na mutane da yawa gaskiya, domin yawanci da murmushi ake farawa, a adana faɗan sai an tare.

Wata Asabar ce da hantsi Malama ta shiga shagon da ke bayan kasuwar kayan gini, da takarda a hannunta. Kimiyyar sinadarai take koyarwa a sakandare, kuma tafiyarta ma ta wadda ta riga ta karanta komai ce. Ta ce a ba ta 'ya'yan kifin karfasa talatin, da famfo, da buhu shida na tsakuwar shuka.

Mai shagon, wani dogon saurayi da hannun rigarsa ya jiƙe sharkaf, ya tambaye ta yaushe ta zuba ruwa a tankinta. Ta ce jiya. Ya mayar da ragar da ya ɗauko, ya rataye.

"To ba zan sayar miki da kifi yau ba."

Ta ce ita ba shawara ta zo saye ba. Ya ce ya sani, shawarar kyauta ce. Ya shiga yi mata bayani a natse: kifi su ɓata ruwa, famfo ya kai ruwan kwamin shuka, wasu ƙananan halittu da ke maƙale jikin tsakuwa su mayar da ƙazantar taki, shuka ta sha, ruwa ya dawo wa kifi da tsabtarsa. Halittun nan sai sun yi makonni kafin su zauna. Kifin da aka jefa a sabon ruwa, a cikin ƙazantarsa zai mutu.

Duk ta san wannan, har a allo ta taɓa zana wa ɗalibai. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ɗoki ya mantar da ita, kuma mai sayar da kifi ne ya tuna mata.

Ta fito da famfo da tsakuwa, da 'yar kwalbar awon ruwa, da wani reshen na'a-na'a da ya tsinko ya miƙa mata ba tare da ta roƙa ba. Ya rubuta lambar wayarsa a bayan takardarta, ya ce kullum da safe ta turo masa abin da awo ya nuna. Ta ce ba za ta turo ba.

Washegari ƙarfe bakwai ta turo.

Awon nan da ake kira pH ba shi da wuya. Bakwai ce tsakiya. Ƙasa da ita ruwa ya yi tsami, sama da ita ya yi kanwa. Kifi da shuka da halittun nan kowa da abin da yake so, amma a wajen shida da ɗigo takwas suke sulhu. Ɗigo uku na magani ake sa wa ruwa a kwalbar: rawaya tsami ne, kore daidai, shuɗi kuwa kanwa.

Su biyu ne a gidan, ita da Baba. Magini ne, ya shekara arba'in yana ɗora bulo kafin gwiwa ta zaunar da shi. Filin da ke bayan gidan, inda take son sa tankin, nan ne lambun mahaifiyarta a da, kuma tun rasuwarta shekara biyar ba wanda ya zuba wa wurin ko moɗa ɗaya. Baba bai ce uffan game da shirin ba, amma a yini ɗaya ya gina wa tankin mazauni, ya ɗora ma'auninsa a kai ya ga ƙwayar ruwan ta tsaya cak a tsakiya.

Sai da ta kwance buhun tsakuwa ya magantu. Ƙwallayen gasasshen yumɓu ne, jajaye, marasa nauyi. Ya ɗauki ɗaya ya jefa a bokiti. Ta taso ta hau iyo a saman ruwa.

"Kumfa aka sayar miki," in ji shi.

Ta yi masa bayanin ramukan da ke jikin ƙwallayen, inda halittu ke zama, da yadda ba sa taɓa ɗanɗanon ruwa. Ya saurare ta irin sauraron da ake wa yaro mai ba da labarin mafarki. Da hannunta ta wanke su ta cika kwamin. A makon nan aka tura ta wani gari gyaran takardun jarrabawa, ta bar wa Baba famfo yana juyawa, ta yi kwana shida.

Saƙonnin safe kuwa tuni sun daina zama lamba zalla.

"Takwas da ɗigo huɗu. Shuɗi kamar rigar 'yan makarantarmu. Ka ce zai sauka."

"Zai sauka, Na'a-na'a. Halittun da kansu suke tsamar da ruwa in sun fara aiki. Ki ba shi mako shida. Kin karya kuwa?"

"Wa ya ba ka izinin sa mini suna?"

"Ke kika tafi da reshena ba ki yi godiya ba. Na bi sawun kayana ne."

Bayan wata guda ya yarda ya ba ta kifin. Shi ya kawo su har ƙofar gida a cikin leda mai iska, ya tsaya a waje kamar mai jiran sakamako. Ta lura ba ya yi mata irin zaƙin bakin nan da samari ke arowa daga juna. In ta yi kuskure ya faɗa, in shi ya yi ya amsa. Mace mai yini tana gyara wa yara arba'in ƙarya a takarda ta san darajar wannan. Kafin wata na biyu ya ƙare, Mai Kifi ya koma Mai Kifina a wayarta, shi kuma ya ce yana so ya turo manyansa.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta kai maganar. Ta dawo tana fifita da gefen mayafi, ta ce yayan nata ya tambaye ta ko wanda ya sayar da kumfar nan ne.

Dama Baba yana da nasa ɗan takarar. Ɗan amininsa ne, mai shagon magani a bakin titi, wanda turarensa ke riga shi sallama. Mai Kemis yakan zo da la'asar ya zauna kusa da Baba ya amsa kowace magana da "wannan haka yake, Baba." Bai taɓa musa wa tsohon komai ba, don bai taɓa sauraronsa ba. Baba bai ce dole ba, ba irinsa ba ne. Yana dai ajiye mutumin a tsakar gida kamar kujerar da ake fatan wata rana za a gaji a zauna.

Ruwa kuwa ya ƙi sauka. Mako shida ya wuce, na takwas ya shigo, kwalba tana nan shuɗiya. Ganyen latas ya yi fari-fari, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Tumatir ya tsaya a inda yake kamar an yi masa tsawa. Na'a-na'a ma, da ba ta san mutuwa ba, ta fara ƙonewa a baki-baki. Malama ta auna ruwan famfon gida, bakwai da ɗigo biyu. Ta jiƙa ƙwallaye biyar daga saman kwamin a kofi kwana uku, ba su canza komai ba. Masu magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, to ƙin tsaminsa ma ba banza ba ne, sai dai ta rasa inda za ta kama.

Ta kira Mai Kifi ya zo ya gani da idonsa. Aka yi rashin sa'a ya tarar da Mai Kemis a kan kujera.

Ya gaida Baba har ƙasa. Ya auna ruwan tanki, takwas da ɗigo shida. Ya duba famfo, ya shinshina ruwan. Sannan ya naɗe hannun riga ya cusa hannunsa cikin kwamin har gwiwar hannu. Malama tana kallon fuskarsa, ta ga wani abu ya gifta. Ya ɗaga ido ya dubi Baba, ya dubi Mai Kemis, ya zaro hannunsa babu komai a ciki sai ɗan ƙarzanen da ke yatsansa.

Ta tambaye shi me ya gani. Ya ce zai yi tunani.

Mai Kemis ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce ai tunani ba ya ƙarewa, su ma a makaranta sun yi shi. Baba bai yi dariya ba.

"Yaro, ka ce mako shida. Yau mako tara. Ni a sana'ata wanda ya ce bango zai tsaya ya faɗi, ba a sake ba shi aiki. Wanda maganarsa ba ta tabbata a kan ruwan kifi ba, ban ga yadda zan ɗora 'yata a kanta ba. Ranar da kwalbar nan ta yi kore ta zauna a koren, ka turo manyanka. Kafin nan ƙofata ta gaishe ka."

Ta jira ya kare kansa. Mutumin da ya hana ta kifi ranar farko ba tare da ƙifta ido ba, ta jira ya buɗe baki. Ya ce, "To, Baba," ya sunkuyar da kai ya fita.

Da magariba saƙonsa ya shigo.

"Na'a-na'ata, ki samar mini rana ɗaya da babu kowa a gida. Zan kwashe tsakuwar duka in zuba sabuwa. Don Allah kada ki tambaye ni dalili."

Sau uku ta karanta, kowane karatu ya fi na baya zafi.

"Wato tsakuwarka ce. Wata biyu ina tare maka faɗa a gaban Baba, ashe shi ke da gaskiya. Kuma a ɓoye kake son gyarawa. Mai gyara laifinsa a ɓoye, a ɓoye zai riƙa yin komai. Kada ka zo."

"Ban taɓa sayar miki da abin da ban yarda da shi ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Ta kife wayar. Kwana tara tana auna ruwa da safe ba ta da wanda za ta tura wa lambar. A aji ta riƙa hucewa a kan yaran da ba su ji ba su gani ba, har shugabar makaranta ta tambaye ta ko lafiya.

Ran na goma ta dawo daga aiki ta tarar da biki a wajen tanki. Baba riƙe da kwalba yana ɗaga ta sama, koriya shar, har tana neman rawaya. Mai Kemis yana tsaye da wata roba a hannu, yana murmushin wanda ya ceci al'umma. Asid ya kawo daga shagonsa, ya tuttula rabin robar a tanki da izinin mai gida. Ya ce abin da wani ya kasa a wata biyu, ga shi an yi a minti biyar, ilimi ai ba a kasuwar kifi ake samunsa ba.

Jakarta ta faɗi ƙasa. Ta ce masa ko ɗalibinta na aji ɗaya ya san ba a sauke ruwan da rai ke ciki da lamba biyu a zama ɗaya. Ta ce in haka yake auna wa mutane magani, to Allah ya tsare unguwa. Baba ya ce ta iya bakinta, baƙo ne. Ta shiga ɗibar ruwan tanki tana ƙara sabo, har hannuwanta suka mutu.

Da gari ya waye kifi goma sha ɗaya sun juya ciki sama. Sauran suna haki a saman ruwa. Kwalba kuma ta koma shuɗiya kamar ba a taɓa ta ba.

Wannan ne ya tsayar da ita. Rabin robar asid, ga sabon ruwa, amma cikin dare ɗaya ruwan ya koma gidan jiya. Akwai abin da ke zaune a ciki yana shanye tsamin, kuma ba ƙarami ba ne. Cikin haushi ta kama tumatirin da ya bushe ta fizge. Ya fito da ƙyar, saiwarsa ta rungumo wani gutsure mai toka-toka da kaifin baki.

Kankare ne. A gefe ɗaya har da ragowar shuɗin fentin tsohuwar katangar da Baba ya rushe bara.

Ta cusa hannu inda Mai Kifi ya cusa nasa. Taƙi ɗaya na ƙwallaye, daga nan har ƙasa ɓaraguzan kankare ne, an jera su daki-daki, manya a ƙasa ƙanana a sama, babu wanda ya hau kan wani a karkace. Mutum ɗaya ne a duniya zai yi ɓarna da irin wannan tsari.

Ba ta je makaranta ba ran nan. Shagon ta nufa, ta dire gutsuren a kan teburinsa.

"Ka sani."

"Na sani."

"Kwana goma sha ɗaya ka sani. Ka tsaya aka kira ka maƙaryaci a gabana, ka bar ni na zage ka, ka bar wancan mai ƙamshin ya kashe mini kifi. Wannan ne kake kira ladabi?"

Ya ce washegarin ranar ya je ya sami Baba shi kaɗai a ƙofar gida, tsohon ya ce ba shi da abin ji. Ya ce kuma ta yaya zai zaro kankare a gaban wanda ke neman kujerarsa, ya nuna wa dattijo a cikin gidansa cewa shi ne ya kashe lambun. Da ya yi haka ya ci gardama, ya rasa suruki har abada.

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce da za a faɗa wa?"

"Da na faɗa miki, da kin tunkare shi a daren da wutar da kika shigo da ita yanzu. Ban so ki zaɓa tsakanina da shi ba."

"Sai ka zaɓa mini." Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi ihu tsoratarwa. "Ka saurara, Mai Kifi. Ranar da na fara ganinka ka ce mini a'a, shi ya sa na dawo. In zan aure ka, wancan zan aura. Wanda zai riƙa rufa wa kowa asiri da mutuncinsa, yana yanke mini abin da zan iya ɗauka, ya nemi wata."

Ya daɗe yana kallon gutsuren. Bai kawo wani uzuri ba. Ya ce kifin nan sha ɗaya shirunsa ne ya kashe su, kuma ta yi gaskiya. Ya tambaye ta ko har yanzu akwai wani abu da ya rage masa a wurinta. Ta ce akwai, amma kada ya yi murna, tana nan da fushinta.

Namijin da matarsa ta rasu ya rasa mutum ɗaya tak da ke iya ce masa ya yi kuskure ya ji. Daga nan sai 'ya'ya da ke jin nauyinsa da baƙi da ke yi masa ladabi, shi kuwa yana ta ƙara tabbata cewa bai taɓa kuskure ba. Malama ta san haka. A hanya ta tsara kalamai masu kaifi, tana isa ƙofa ta zubar da su.

Bayan azahar ta same shi a inuwa. Ta ajiye faranti a gabansa, ƙwallon yumɓu ɗaya a gefe, gutsuren kankare a gefe. Ta ɗiga wa ƙwallon ruwan khal mai tsami, ya jiƙe kawai. Ta ɗiga wa kankaren, ya hau tsiyayar kumfa yana 'yar ƙara.

Baba ya gane fentin. Bai yi musu ba, bai ma ga abin musu ba. Ya ce lokacin da ta yi tafiya ne. Ya ga an cika kwami da abin da ke iyo, ya san ko ɗakin kaji ba a ɗora shi a kan kumfa, sai ya kwashe rabi ya sa masa harsashi. Ragowar ƙwallayen suna ɗakin kayan aikinsa. Gyara ya yi mata, kuma bai ga abin da ya haɗa dutse da launin ruwa ba.

Ta kama hannunsa ta juya tafin sama. Fatar ta tsattsage, ta yi fari a wurare, zanen yatsun ma ya shafe.

"Baba, me ya cinye maka hannu?"

"Siminti."

"Shi kifin ba shi da safar hannu."

Ya janye hannunsa a hankali. Ya dubi farantin, ya dubi tankin. Wata uku yana zagin kumfa, kuma duk tsawon lokacin abin da ya fi kowa sanin cizonsa ne ke jiƙe a ƙarƙashi. Laifi tudu ne, kuma wannan tudun da hannunsa ya jera shi.

Sai ta faɗa masa sauran, cewa yaron ya taɓa kankaren tun ranar da ya zo, ya haɗiye don kada ya kunyata shi gaban baƙo. Ta zaci zai yi sanyi. Ina, miƙewa ya yi, gwiwar ma ya manta da ita.

"Wa ya ce masa ina neman a rufa mini asiri? Ni zai ji wa tausayi? Ɗauko mayafinki."

Haka suka ratsa kasuwar kayan gini, tsofaffin abokan aikinsa suna gaishe shi yana amsawa da ka. Mai Kifi na ganinsu ya saki raga ya durƙusa. Baba bai ba shi damar gaisuwa ba. Ya yi masa tatas a gaban masu saye. Ya ce a aikin gini ba makashi kamar lebura ko magini da zai ga bango ya karkace ya yi shiru don kunyar mai gida. Ya ce shi ya taɓa sa an rushe hawa guda saboda ya faɗi gaskiya, aka kore shi daga aikin, kuma ginin yana nan tsaye har yau. Ya ce in an kore ka sau ɗaya a ƙofa, ka dawo sau goma, ba ka tafi kana sunkuyar da kai kamar maraya ba.

Da ya gaji ya nemi kujera. Ya zauna yana kallon kifayen da ke kewaya tankin shagon.

"Kumfar taka ba ta da laifi," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba. "Gobe ka zo da safe. Ni zan kwashe abin da na zuba, kai ka nuna mini yadda ake yi."

Malama ta ce to maganar manya fa. Baba ya harare ta. Ya ce ya faɗa sai kwalba ta yi kore ta zauna, kuma bai ga dalilin da zai sa don ya yi kuskure ɗaya ya ƙara da na biyu na karya maganarsa ba.

Baro huɗu na kankare suka fitar. Suka wanke ƙwallayen, suka riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan don kada sauran kifin su firgita. Mai Kemis ya zo sau ɗaya, ya tarar da tsohon da saurayin hannu dumu-dumu suna gardama a kan bututu, ba wanda ya miƙa masa kujera. Bai sake zuwa ba, tsakar gida ta huta da turare.

Baba ya karɓe awon safe daga hannunta. Yakan ƙirga ɗigon da ƙarfi, ya ɗaga kwalbar ga haske ya runtse ido ɗaya. Takwas. Bakwai da ɗigo shida. Bakwai da ɗigo biyu. Sabon ganyen latas ya fito kore tun daga tsakiya. Da ruwan ya kai shida da ɗigo takwas, Baba ya ce a ba shi mako guda a gani ko zai zauna, har Goggo ta ce masa ko bene ne ai an cire katakon da ya tokare shi haka nan.

Ran na bakwai da safe Malama ta rubuta:

"Mai Kifina, ya zauna. Baba ya ce ka turo su, kuma su zo da wuri don ba ya son jira. Shi da ya sa mu jiran wata huɗu."

"Alhamdu lillahi. Fushin fa, Na'a-na'ata?"

"Yana sauka. Kada ka zuba masa komai, bar shi ya sauka da kansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ba a yi wani taron a-zo-a-gani ba, 'yan'uwa ne da malaman makarantarsu da rabin kasuwar kayan gini. Da aka zo ɗaukar kayanta, angon ya tambaya ko a kwance tankin a tafi da shi. Baba ya ce amarya aka ba shi, ba a ba shi kifi ba, wanda ya taɓa masa tanki su haɗu a kotu.

Da za ta fita ta durƙusa a gabansa, mijinta a gefenta. Ta yi niyyar ba za ta yi kuka ba, niyyar ba ta kai ko'ina ba. Baba ya ɗora tsattsagen tafinsa a kanta, yana kallon can wajen tsohon lambun.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin magana fiye da kakanta. In ɗayanku ya ga abu ya karkace, ya faɗa tun siminti yana ɗanye. Ni da uwarki shekara talatin ba ta taɓa raga mini ba, kuma ban san alheri ba ne sai da gidan ya yi shiru. Ku tashi ku tafi, kuna tare mini iska."

Goggo ta ce amin tana share ido, sauran suka amsa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma bar wa kowannensu mai gaya masa gaskiya har tsufa.